Shafi na Goma Sha Huɗu

Ranar Talata Malam ya tsallake wata kalma, abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin da ɗaya da ya yi yana koyarwa. Yana zaune a kan wani tsohon kushin na mota a tsakar gidan maƙwabcinsa, tabarau a ƙarshen hanci, littafin bayanin injin walda a buɗe a kan gwiwarsa. Maƙwabcin, wanda duk layin ke kira Direba ko da yake ya shekara shida bai riƙe sitiyari ba, yana tsugune a gaban kwali yana ciro kayan ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar haihuwa.

"Ci gaba, Ƙamus. Me suka ce kuma?"

A gaban idonsa kowa Malam yake ce masa, a bayan ido Ƙamus. Direba kaɗai ke faɗa masa a fuska, shi ma don katanga ɗaya ta haɗa su shekara ashirin da biyu.

Da harshen waje aka rubuta littafin, Direba kuwa karatunsa bai wuce alamomin hanya ba. Malam na karantawa yana juya masa: yadda ake ɗora naɗin wayar a kan sandarsa, yadda ake zura bakinta tsakanin 'yan tayoyi biyu har ta ɓullo ta bakin bindigar walda da ake riƙewa a hannu, maɓalli ɗaya na zafi, ɗaya na gudun waya. Ya iso shafi na goma sha huɗu. Layi uku ne a cikin wani ɗan akwati da aka zagaye da baƙin zane, a tsakiyarsu wata kalma mai gaɓa huɗu da bai taɓa gamuwa da ita ba. Ya dube ta, ta dube shi. Direba ya ɗago kai yana jira, baki a ɗan buɗe, irin jiran da 'yan aji suke yi wa wanda bai taɓa cewa ban sani ba.

"Nan fa?"

"Surutun lauyoyi ne," in ji Malam. "Kada ka sa yatsa a wuta, kada ka sha ruwan batir."

Ya lashi yatsa ya juya shafi.

Dalilin sayen injin yana cikin ɗaki a kwance. Matar Direba, wadda layin ke kira Inna, ta samu shanyewar ɓarin jiki bara. Daga bakin gadonta zuwa ƙofar banɗaki taku goma sha bakwai ne, kuma duk takun a kafaɗar mijinta take yin su, sau biyar ko shida a yini. Shi ya sa yake kiranta Fasinja. So yake ya kafa mata bututun ƙarfe a jikin bango, daga gado har banɗaki, ta riƙa dafawa tana zuwa da kanta.

Malam ya ce a kira mai walda a gama a yini ɗaya. Direba ya ce Fasinja ba za ta yarda baƙon ƙato ya shigo har bakin gadonta ba, kuma ma so yake in ta kama ƙarfen ta san hannun wa ta kama. Da suka je shagon kayan aiki ranar Litinin, Malam ya riga ya kwana uku yana karatu a kan injunan walda, har ya fi mai shagon baki. Ya nuna wani babba mai tukunyar gas, ya yi bayanin dalili huɗu. Direba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗora hannu a kan ɗan ƙarami, girman batirin babbar mota.

"Wannan soket ɗin gida zai ɗauke shi?"

"Zai ɗauka, Baba," in ji mai shagon. "Da gas yana yi, ba gas yana yi. Ka sa masa waya mai hoda a ciki, ba ruwanka da tukunya. Ka matsa kunamar bindigar, waya ta fito da kanta. Ba irin na sanda ba ne da sai ka yi ta ƙyastawa."

"Ka ji, Ƙamus? Kamar mota mai canza giya da kanta ce. Ta tsofaffi."

"Araha ba ta ado," in ji Malam.

"Ba ado zan yi ba, banɗaki za mu."

Ranar Laraba aka fara. Direba ya yanka bututu, ya goge bakinsa har ya yi fari, ya damƙa wa ƙarfen maƙalar wuta, ya sauke hular walda a fuska. Littafin ya ce in komai ya yi daidai za a ji ƙara mai santsi, kamar mai yana soyuwa a hankali. Abin da ya fito kamar ana watsa tsakuwa a kwanon rufi. Tartsatsi ya yi ta tsalle har kan takalmin Malam. Da Direba ya ɗaga hular, sai ga ƙulle-ƙullen ƙarfe sun zauna a kan haɗin kamar kashin kaji. Ya buga da guduma sau ɗaya, bututun ya rabu biyu.

"Farkon tuƙi ma sai da na ture katangar makaranta," in ji shi, yana dariya. "Tafi da littafin, ka ajiye a wurinka. Nan ɓera zai ci."

Malam ya koma gidansa da littafin a hammata. Gida ne mai ɗaki uku da kantar littattafai bakwai, ba motsin kowa tun da mai ɗakinsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. A lokacin jinyarta ya karanta duk abin da aka rubuta a kan ciwonta. Ya san sunansa da harshe uku, har ya taɓa gyara wa wani ƙaramin likita yadda ake furta shi. Kujerar banɗaki da ta shekara biyu tana roƙonsa ya ɗaure wa ƙafa tana nan tana rawa har yau. Ranar da jikinta ya rikice, Direba ne ya tsallako ya ɗauke ta cak ya sa a mota, Malam na tsaye da takardun asibiti a jere bisa kwanan wata. Ya yi masa godiya a lokacin, cikin kalmomi zaɓaɓɓu. Bai taɓa yafe masa ba.

Ranar Alhamis bayan azahar ya sauko da babban ƙamus daga kanta ta sama, ya nemo kalmar. Ya koma shafi na goma sha huɗu ya sake karanta layukan uku, a hankali, sau biyu. Ba surutun lauyoyi ba ne. Cewa suka yi injin yana fitowa daga kamfani a shirye don waya mai aiki da gas. Wanda zai yi aiki da waya mai hoda, sai ya buɗe ƙofar gefe, ya kwance noti biyu, ya musanya igiyoyin wuta biyu da ke ƙarƙashin naɗin wayar, ta alamar tarawa ta koma alamar ɗebewa. In bai yi ba, tartsatsi zai yi yawa, narkakken ƙarfen kuma zai zauna a sama bai shiga ciki ba.

Noti biyu. Aikin minti biyu.

Ya sa takalmi ya fita. Ƙofar Direba a buɗe take kamar kullum. Ya kai tsakiyar soro ke nan ya ji muryar Inna daga ɗaki, a karkace kamar yadda ciwon ya bar ta.

"Ko dai akwai abin da ba ku gani ba a takardar?"

"Wa? Ƙamus?" in ji Direba. "Daga bango zuwa bango ya karanta min. Mutumin da ya taɓa mayar wa hukuma wasiƙa saboda an manta waƙafi? In akwai abu a ciki, da ya gani. Kin san ni ba na yabonsa, kada kansa ya ƙara girma, amma a karatu ban ga na biyunsa ba. Hannuna ne kawai, Fasinja. Sai ya saba."

Da zagi ya tarar, da ya shiga ya faɗa, ya huce. Malam ya tsaya a soron har ƙafarsa ta fara tsami. Sannan ya yi gyaran murya ya shiga, ya dubi tarin guntayen bututu, ya dubi ɗan injin.

"Na faɗa maka araha ba ta ado," in ji shi.

Kwana tara aka yi a haka. Kullum da hantsi tsakuwar nan za ta fara zuba a bayan katanga, ta tsaya, guduma ta buga, ƙarfe ya faɗi. Sai injin gurza ya ɗauka yana kuka, Direba na goge abin da ya yi don ya sake. Malam na zaune a kan teburinsa da littafi buɗe, shafi ɗaya tun safe. Ya tsara hanyoyi da yawa. Zai ce a wani littafi dabam ya gani. Zai ce shafukan ne suka manne. Zai jira Direba ya tafi sayen magani ya shiga ya musanya igiyoyin ba wanda ya sani, sai dai Inna na ɗaki, kuma kunnenta bai shanye ba. Kowace hanya ya auna sai ya ga tana da rami, shi kuwa mutum ne mai ganin rami a aikin kowa. Ya ce gobe.

Direba ya ɗauki wani haɗi ya kai wa mai waldan bakin titi. Wannan da sanda ya saba aiki, bai taɓa riƙe injin waya ba. Ya juya ƙarfen a hannu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce abin wasan yara aka sayar wa Baba, ko kuma Baba ne ya tsufa. Direba ya dawo ya ba Malam labari yana dariya shi ma, amma dariyar ba ta kai ido ba.

Rana ta shida Direba ya kafa bututun taku huɗu na farko a bango. Malam na nan. Direba ya ce kafin Fasinja ta taɓa sai an gwada, ya kama bututun da hannu biyu ya saki nauyinsa. Haɗin tsakiya ya ce ɗas, ya zauna daɓas a ƙasa da guntun ƙarfe a hannu.

"Don Allah ka bar abin nan," in ji Inna daga kan gado. "Kafaɗarka ta ishe ni. Na yi ƙara ne?"

"Motar ta kusa shiga gareji, Fasinja. Gara ki koyi tafiyar ƙasa."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

Direba ya daɗe bai tashi ba. Malam ya ga yadda yake jan numfashi ta baki, ya ga leɓensa ya yi duhu, ya kuma san sunan abin da harshe uku.

Rana ta takwas da la'asar suka zauna a kan benci a ƙofar gida. Direba ya shimfiɗa hannayensa a kan gwiwa yana kallonsu. Duk tabon ƙuna ne, ƙanana ƙanana, inda tartsatsi ya bi ta bakin safar hannu.

"Shekara arba'in ina tuƙi," in ji shi, "ban taɓa jefa mota a rami ba. Tirela nake shigarwa lungu da baya, da hannu ɗaya, ina cin gyaɗa da ɗayan. Yau layi tsawon yatsa ya gagare ni."

Sai Direba ya rage murya.

"Likita ya ce zuciyar ta sha hanya. Tun watan jiya. Ban faɗa mata ba, kai ma kada ka faɗa. Ba mutuwar ke damuna ba, Ƙamus, kowace mota da ranar fakin ɗinta. In na tafi ban gama ba, 'yarmu Auta za ta ɗauke ta ta kai ta gidanta, hawa na uku, ta zauna a taga kamar tsuntsu a keji. Ita kuwa a gidan nan take so ta ƙare." Ya juya tafin hannunsa sama. "Ban san hannu na riga mai shi mutuwa ba."

Maganar ta taso wa Malam har maƙogwaro. Ya ji ta, da nauyinta da tsawonta, jimla biyu ce kacal. Ya buɗe baki.

"Gobe zan zo da littafin," in ji shi, "mu sake dubawa."

"Ka huta, malamin malamai. Abin da ka karanta sau ɗaya ai ya karantu."

Washegari Malam ya yi wanka da wuri, ya sa riga mai guga kamar mai zuwa gaban kwamiti. Ya sa takarda a shafi na goma sha huɗu. Ya tsaya gaban madubi ya faɗi jimlolin biyu, ya ga ta farko ta yi tsawo, ya rage ta. A bayan katanga injin gurza na ta kuka. Ya zauna ya jira ya tsaya, don ba a irin wannan magana cikin ƙara. Da ya tsaya, ya ce bari ya ba shi minti biyar ya sha ruwa.

Sai ya ji muryar Inna.

"Direba? Direba! Na ji ka yi shiru. Direba!"

Ya same shi zaune a tsakar gida, ya jingina da bango, hular walda a ɗage a goshi, ƙafafu a miƙe kamar wanda ya tsaya hutawa a gefen hanya. Idonsa a buɗe. Inna ta sauko daga gado ta ja jiki taku uku, nan ƙarfinta ya ƙare, tana kwance a bakin ƙofa tana kiran sunan da duk layin ke kiransa da shi. Malam na tsaye a tsakaninsu da littafi a hammata. Maƙwabta ne suka shigo suka yi abin da ake yi.

Aka kai shi a ranar. Masu ta'aziyya suka cika layin kwana uku, suna cewa mutumin kirki ne, har ranar ƙarshe yana wahala a kan matarsa. Wani ya ce injin ne ya ƙarasa shi. Wani ya ce ai Malam ya hana shi saye, bai ji ba. Malam ya karɓi wannan yabon ma, ya sunkuyar da kai.

Da mutane suka watse, Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta fara haɗa kayan uwar a jaka. Ta ga Malam a tsakar gida yana kallon injin.

"Baba Malam, in ka san mai so, ka ba shi. Ba na son ganinsa. Ni na ce injin banza ne, shi ya ce hannunsa ne. Ko a waya abin da yake faɗa min ke nan."

"Akwai sufana a gidan nan?"

Ta dube shi kamar ya yi wani yare, sannan ta miƙo masa akwatin kayan aikin uban. Ya buɗe ƙofar gefe. Ga su nan ƙarƙashin naɗin wayar, noti biyu, alamar tarawa da alamar ɗebewa. Sai da ya gwada sufana uku kafin ya samu daidai, ya kuma fara juyawa ta inda ba nan ba. Duk da haka bai kai minti biyar ba.

Ya sa hular. Tana warin gumin Direba. Ya haɗa guntaye biyu, ya damƙa maƙalar, ya matsa kunama. Ƙarar ta fito da santsi, a hankali, kamar mai yana soyuwa. Da ya ɗaga hular ya kankare dattin sama, ga layi nan a kwance, a karkace, mummuna, amma ya shiga cikin ƙarfen. Ya buga da guduma. Ya sake bugawa. Ya yi ta bugawa har Auta ta riƙe masa hannu, haɗin bai motsa ba. Hannun da bai taɓa kafa ƙusa ba ke nan.

"Wa ke nan?" in ji Inna daga ɗaki. "Ba haka injin yake kuka ba."

Ya roƙi Auta ta ba shi mako guda. Direba ya riga ya yanka komai, ya auna, ya huda bango, ya sa wa kowane bututu lamba da alli. Haɗawa kawai ya rage. Malam ya ƙone yatsu uku da rigar guga, ya gama a kwana biyar. Haɗi ɗaya na Direba, na kusa da gado, bai goge shi ba. Ya bi ta bayansa ya ƙarfafa, ya bar ƙulle-ƙullen a gaba yadda suke.

Ranar da Inna ta gwada, Auta na biye da ita da hannu a buɗe. Ta kama ƙarfen da hannunta mai lafiya, ta ja ƙafa, ta sake kamawa. Goma sha bakwai zuwa, goma sha bakwai dawowa. Auta ta shiga ɗaki ta fara fitar da kayan daga jaka tana share ido. A taku na ƙarshe yatsun Inna suka faɗa a kan ƙulle-ƙullen nan, suka tsaya.

"Wannan nasa ne," in ji ta.

"Nasa ne."

"Allah sarki. Ya yi ta cewa hannun ya tafi."

Sai Malam ya faɗa mata. Ya faɗi shafin, da kalmar, da noti biyu, da ranar Alhamis, da soron da ya tsaya. Bai rage komai ba, bai kuma zaɓi kalmomi ba. Ta saurara tana riƙe da ƙarfen, rabin fuskarta da ke motsi bai motsa ba.

"Ni kake faɗa wa, Malam?" in ji ta. "Ni na san hannunsa. Shekara guda ina tafiya a kansa. Ba ni ce mai wannan maganar ba."

Ta juya, ta dafa, ta hau gadonta da kanta.

Ya fito tsakar gida. Kushin ɗin motar na nan inda yake, hular walda a rataye a ƙusa, ƙasa duk ɗige-ɗigen ƙarfe na kwana tara, sun fara tsatsa. Ya zauna, ya ɗora littafin a gwiwa bai buɗe ba. Jimlolin na nan yadda ya gyara su a gaban madubi, gajeru, ba kuskure ko ɗaya a ciki.

Ba hannunka ba ne, Direba. Kalmar ce ban sani ba.